Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Katsina: Ciwon Hanyoyinmu a Ƙarƙashin Kwalta Yake

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa,
ta hannun Mai Girma Kwamishinan Ayyuka,
da sanin kwamitin ayyuka na Majalisar Dokokin Jiha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali da muƙarrabanka, ina roƙon Allah ya taya ka riƙon wannan amana, ya zaunar mana da jiharmu lafiya.

Ni tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin ƙasa ne. Ƙuruciyata a bayan gireda da rola ta ƙare, ina ɗibar samfurin burji a buhu, ina aunawa, ina kai wa injiniyoyi sakamako, har ƙarfi ya fara ja baya na dawo gida Daura na zauna. Sai dai ba da bakina kaɗai nake wannan magana ba. Direbobin haya da muke zama da su a tasha, da masu tifa, da 'yan kasuwar da ke bin kasuwannin Mai'aduwa da Mashi da Caranci, da manoman da ke fito da amfani daga ƙauyuka, su ne suka dame ni da tambaya guda: me ya sa hanyar da aka gyara bara ta sake fashewa bana, kuma a daidai wurin da aka gyara? Da suka ga na san amsar, sai suka ce to in rubuta ta inda za a ji.

Na zaɓi wannan lokaci ne don damina ta ɗauke, kowace hanya ta nuna abin da ke cikinta, kuma yanzu ne ake zaman kasafin kuɗi da tsara kwangilolin da za a bayar da rani. Kada a ce mun yi shiru sai da aka sa hannu muka zo da ƙorafi. Kuma tun da fari ina so in wanke zukata: abin da zan yi kuka da shi ya girmi wannan gwamnati, ya ma girmi jihar da aka ƙirƙira a 1987. Tsohuwar al'adar aiki ce da muka gada, ni kaina cikinta na tashi. Mun san kuma manyan hanyoyi irin ta Kano zuwa Katsina da ta Kano zuwa Daura zuwa Kwangwalam na Tarayya ne. Maganarmu a kan na jiha take, da na karkara, inda kalmarka ita ce ta ƙarshe.

Kukanmu na farko shi ne faci da shafe. Mai tafiya a mota kwalta kawai yake gani, shi ya sa yake zaton ita ce hanya. Kwaltar nan kuwa kaurinta bai wuce santimita 4 zuwa 5 ba a yawancin hanyoyinmu. Aikinta ta hana ruwa shiga, ta ba taya wurin kamawa. Mai ɗaukar nauyin tirela shi ne abin da ke ƙarƙashinta, wato shimfiɗar burji ko fasasshen dutse da ma'aikata ke kira bes, da wata shimfiɗar a ƙasansa, sannan ƙasar asali. Burjinmu kuwa, indai yana bushe, ƙarfe ne. Da ya sha ruwa sai lakar da ke cikinsa ta kumbura, ya saki jiki. Ruwa ya samu 'yar tsaga ya shiga a watan Agusta, tirela ta taka, bes ya lotsa, kwalta ta tsattsage irin tsagar da ake ce wa fatar kada, taya ta riƙa tsotso lakar tana fito da ita sama. Kafin a ankara rami ya buɗe.

To sai me ake yi? A zo da tifa guda ta kwalta, a share ramin da tsintsiya, a zuba, a bi da rola, a tafi. Ko kuma, idan kuɗi sun ɗan samu, a shafe hanyar gaba ɗaya da sabuwar kwalta, ta yi baƙi wuluk, a ja mata farin layi, a yanke ƙyalle. Ruɓaɓɓen bes yana nan a ƙasa bai san an yi ba. Damina ɗaya, in an yi sa'a biyu, tsohuwar tsagar ta biyo sabuwar kwalta ta fito a wurinta na da. Kuɗin da aka kashe sun tafi, kuma kwalta ce mafi tsada a duk kayan aikin hanya, tunda daga waje ake shigo da kusan dukkanta, da dala, duk da tarin da Allah ya ajiye mana a ƙasar Ondo ba a haƙa ba.

Wanda ke biyan bashin wannan aiki ba ya cikin ɗakin da ake sa hannu. Direba ne da ke sauya shokozoba da boljoyin da taya kafin lokacinsu, shi kuma ya ɗora wa fasinja. Mai tumatir ne da kwandonsa ke isa kasuwa rabi ya zama ruwa. Mai naƙuda ce da ake ɗauko ta daga ƙauye a bayan a-kori-kura, kowane rami sai ta ji shi a ƙashin bayanta. A wasu sassan jihar nan kuma, ranka shi daɗe, kai ka fi mu sani, wurin da rami ya tilasta wa mota rage gudu shi ne wurin da ake jin tsoro.

Kuka na biyu ya fi ci mani rai, domin asara ce da ake yi ido buɗe. Idan hanya ta lalace har faci ya gagara, sai a ce za a sake ta. A kawo katafila a kankare tsohuwar kwalta da bes ɗinta, a loda a tifa, a je a jibge a bakin daji ko gefen gonar wani. Na sha wucewa ta gefen irin wannan tsibi. Za ka ga gutsattsarin kwalta kamar faifai-faifai, dutsen da ke ciki yana ƙyalli, lafiyayyen dutse da aka fasa a ma'aikatar fasa dutse aka biya kuɗinsa aka biya kuɗin dakonsa. Yara na zuwa da kura da jaki suna kwasa, ana sayar wa masu son cike ƙofar gida saboda taɓo. Talaka ya gane kayan nan suna da amfani. Takardar kwangila ce kawai ta rubuta su a matsayin shara.

Bayan an zubar da wannan, sai a tafi neman sabon burji. Burji mai kyau kuwa ba ko'ina yake ba, musamman a nan arewacin jiha inda jigawa ta fi yawa, kuma na kusa da gari an cinye shi tuntuni. Kullum ramin ɗibar ƙasa ƙara nisa yake, man dizal kuma kowa ya san inda ya kai. A yi lissafi mai sauƙi. Hanya mai faɗin mita 7.3, idan za a sauya mata bes mai kaurin santimita 20, kilomita guda na cin wajen kubik mita 1,460. Da tifa mai ɗaukar kubik 10, sawu kusan 150 ke nan na fitar da tsohon, da fiye da haka na shigo da sabon, tunda sakakkiyar ƙasa tana raguwa in an daɓe ta. Duk a kilomita ɗaya. Waɗannan tifofi kuma ba ta sama suke bi ba, ta kan hanyoyin ƙauyuka suke bi suna karya su, ana gyaran hanya guda ana kashe biyu. In an gama, a bar ramin a buɗe. Damina ta cika shi, ya zama kududdufi mai zurfi da gaɓa a tsaye, sauro ya samu gida, iyaye kuma su shiga fargabar yara masu zuwa wanka. Gonar da aka haƙe ta tafi ke nan har abada.

Alhali akwai wata hanyar, kuma ba sabuwa ba ce. Maimakon a kwashe tsohuwar hanya, sai a niƙe ta a inda take. Akwai injin da aka ƙera don haka, mai wani ƙaton gangan haƙora a cikinsa, irin waɗanda kamfanin Wirtgen na Jamus da Caterpillar na Amurka ke yi. Yana tafiya a hankali yana tauna kwalta da bes tare, zurfin santimita 15 zuwa 30 gwargwadon yadda injiniya ya tsara. Kafin ya iso an riga an baza siminti a gabansa bisa awo, tankin ruwa na haɗe da shi yana ba shi ruwa daidai buƙata. Abin da ke fitowa ta bayansa cakuɗaɗɗen sabon bes ne. Rola ta bi ta daɓe, gireda ta daidaita, a sake daɓewa, a yi ta ba shi ruwa har ya kama, sannan a rufe da kwalta. Ramin ɗibar ƙasa ba a buɗe ba, tifa ba ta yi jigila ba, kuma ana iya yin ɓari guda a bar wa motoci ɗaya ɓarin.

Simintin da ake sawa ba mai yawa ba ne, galibi kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na nauyin ƙasar. A wancan kilomita da muka lissafa, nauyin kayan ya kusa tan 2,900. Kashi 3 cikin ɗari ya kama tan 87, wato buhu 1,740, lodin tirela uku masu ɗaukar buhu 600. Tirela uku a gefe guda, sawun tifa 300 a ɗaya gefen. Simintin kuma namu ne na gida, ga Kalambaina a Sakkwato, ga Ashaka a Gombe, ga Obajana a Kogi. Ban ce yana da araha ba, kowa ya san kuɗin buhu a yau. Cewa na yi a auna duka biyun a kan sikeli ɗaya, a haɗa da shekarun da kowace za ta yi kafin a sake taɓa ta.

Abin da siminti ke yi a cikin ƙasa iyayenmu mata sun san irinsa tun kafin a kawo mota ƙasar nan. Mai daɓen ɗaki ba ta tsayawa ga tsakuwa da maɗabi kawai, sai ta jiƙa makuba ta yayyafa, ta daɓe, ta sake yayyafawa, don ta san daɓen da bai sha makuba ba ruwa kaɗan zai tayar da shi. Siminti shi ne makubar hanya. Yana ɗaure ƙwayoyin ƙasa da juna, ta yadda ko ruwa ya shiga ba za su saki ba, nauyin taya kuma ya bazu a fili mai faɗi maimakon ya nutse a wuri guda. A Amurka tun 1935 aka shimfiɗa hanya da cakuɗen ƙasa da siminti kusa da garin Johnsonville a jihar Karolina ta Kudu. Afirka ta Kudu, wadda ke da zafi da jar ƙasa da manyan motoci irin namu, ta daɗe tana gina hanyoyinta a kan irin wannan shimfiɗa. Ko kundin ƙa'idojin aikin hanyoyi da gadoji na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya na 1997, wanda injiniyoyinmu ke aiki da shi, ya tanadi ƙarfafa ƙasa da siminti. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta shafe shekaru tana bincike a kan burjinmu da abin da ke ƙarfafa shi, har da tokar ɓuntun shinkafa da ta ɓawon rake. Ilimin yana kan kanta, ƙura ce kawai ta rufe shi.

Sai dai ba kowace ƙasa ke son siminti ba, kuma a nan ne ake yawan tafka kuskure. Ƙasa mai yashi-yashi irin ta Daura da Zango da Ɓaure da Sandamu, siminti ne maganinta. Ƙasa mai laka da danƙo irin wadda ake samu a fadamu da wasu wurare a shiyyar Funtuwa, idan ka zuba mata siminti kai tsaye sai ta dunƙule, ba za ta gauraya ba. Ita laim take so tukuna, wato garin da ake samu in an gasa farin dutsen da ake siminti da shi. Laim yana kashe danƙon laka, ya hana ta kumbura da tsukewa, ta zama mai marmashi, daga nan in ana son ƙarin ƙarfi a bi da siminti kaɗan. Hanyar da kuma manyan motoci suka yi wa yawa, mai tsohuwar kwalta mai kauri, akwai dabarar kwalta mai kumfa: a fesa ruwa kaɗan cikin tafasasshiyar kwalta, ta yi kumfa ta ninka girmanta sau da yawa na ɗan lokaci, a cakuɗa ta da niƙaƙƙen kayan, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, da siminti kamar kashi 1. Wani farfesa mai suna Ladis Csanyi ne ya fito da ita a Iowa ta Amurka a 1956, Afirka ta Kudu kuma ta fitar da littafin jagora a kanta tun 2002. Irin wannan bes ba ya tsagewa kamar na siminti zalla, yana da ɗan lanƙwasa. Wanne za a zaɓa? Ɗakin gwaji ne zai faɗa, ba ɗan kwangila ba, ba kuma dillalin kaya ba.

Wannan ya kawo ni kuka na uku, wanda idan ba a magance shi ba gara ma kada a fara. Gwaji da sa ido.

Aikin siminti ba ya yafiya. Daga lokacin da ya haɗu da ruwa, awa biyu kake da su, in ka matsa uku, ka gama daɓewa. Bayan nan ya fara kamawa, duk rolar da ta hau karya shi take. Na taɓa tsayawa a wani aiki, ba zan faɗi wuri ko kamfani ba, aka baza siminti da hantsi, aka cakuɗa, sai rola ta lalace. Kafin makaniki ya zo daga gari an yi la'asar. Aka daɓe a haka don kada a yi asarar buhunan. Lokacin hunturu ne, iska na kaɗawa, tankin ruwan da ya kamata ya yi mako guda yana jiƙa wurin safe da yamma kwana biyu ya yi aka janye shi zuwa wani aikin. Da muka dawo, na sa tsinin takalmi na kankara, saman yana tashi kamar garin rogo. Aka rufe da kwalta a haka. Da ta ɓare bayan damina, sai labari ya bazu cewa ai cakuɗa siminti da ƙasa ba ya yi a ƙasarmu. Siminti bai yi laifi ba.

Yawansa ma illa ne. Idan aka zarce awo, bes ya yi tauri fiye da kima, sai ya tsuke yayin bushewa ya tsage a gicciye, tsagar ta fito har saman kwalta. Masu aikin sun samo dabarar bi da rola mai girgiza sau biyu ko uku bayan kwana biyu zuwa uku, don a samu ƙananan tsaga da ido ba ya gani maimakon manya. Idan kuma aka rage awo, ko buhuna suka bi dare suka shiga kasuwa, to burji ne kawai aka yi wa hoda. Ƙasa mai gishirin salfet ko mai ruɓaɓɓen ciyayi kuwa tana iya ɓata aikin gaba ɗaya, shi ya sa ake gwada ta tun kafin a sayi buhu ɗaya.

Abin daɗin shi ne kayan kama mai ha'inci ba su da tsada. Akwai sandar ƙarfe mai tsini da guduma mai nauyin kilo 8, da ake kira DCP, mutum uku ne ke aikinta, cikin 'yan mintoci za ta gaya maka ƙarfin kowace shimfiɗa da kaurinta. Akwai gwajin yashi, a haƙa ɗan rami a auna abin da aka fitar, a cika da yashin da aka san nauyinsa, a gane ko daɓen ya kai. Akwai ruwan finoftalin da ake samu a ɗakin kimiyya na makarantun sakandare: a haƙa bes a fesa a jikin ramin, duk inda siminti ko laim ya kai sai ya rine ya yi ja, inda bai kai ba ya tsaya yadda yake. Ko wanda bai yi boko ba zai ga iyakar zurfin da aka cakuɗa da idonsa. Sannan a ɗauki samfuri a murƙushe a inji bayan kwana 7 a ga ƙarfinsa. Matsalarmu ba rashin waɗannan ba ce. Matsalar ita ce sau da yawa wanda ake sa wa ido shi ke da ɗakin gwajin, shi ke ba mai gwajin mota da abinci da alawus. Mai irin wannan matsayi, ko waliyyi ne, alƙalaminsa zai yi nauyi.

Sauran koke-koke biyun gajeru ne amma ba ƙanana ba. Duk ƙarfin bes, idan lambatu ya cushe da leda da yashi, kwalbati ta toshe, kafaɗar hanya ta fi hanyar tudu har ruwa ya kwanta a kai, to lokaci kawai ake jira. Sai lodi. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan ƙarfen da ke haɗa tayoyin mota na hagu da dama ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa hanya tana ninkawa kusan sau 16. Tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida ta fi dubban ƙananan motoci cin hanya. Mu kuwa jihar kan iyaka ce, ga Jibiya ga Kwangwalam, ga kuma manyan motocin da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ya ƙaro mana.

Saboda haka, ranka shi daɗe, ga abin da muke roƙo.

Kada a sake ba da kwangilar shafe ko sake gina wata hanyar jiha sai an fara binciken abin da ke ƙarƙashinta, an haƙa ramukan gwaji, an buga DCP, an rubuta rahoto, rahoton kuma ya shiga cikin takardun neman kwangila. Inda bes ke da lafiya, a shafe, babu laifi. Inda ya mutu, a daina binne kuɗin jama'a a kansa. A kuma wajabta wa masu tsara aiki su kawo farashi biyu, na kwashewa a kawo sabo da na niƙewa a ƙarfafa a wurin, kowanne da shekarun da ake sa ran zai yi, domin hukumar kula da bayar da kwangiloli ta jiha ta ga duka biyun kafin ta amince.

Ba mu ce a yarda da maganarmu haka kawai ba. A gwada. A zaɓi hanya ɗaya a shiyyar Daura mai jigawa, ɗaya a shiyyar Funtuwa mai laka, ɗaya a shiyyar Katsina mai yawan manyan motoci. A kowace a yi 'yan kilomitoci da sabuwar dabara, a yi na kusa da su yadda aka saba, motoci iri ɗaya su bi, ruwa iri ɗaya ya dake su. A damƙa auna su a hannun waɗanda ba su ci kwangilar ba: sashen injiniyan gine-gine na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke nan Daura, wadda ban ga aikin da ya fi dacewa da ɗalibanta kamar wannan ba. Bayan damina uku a buga sakamakon kowa ya gani, da kuɗin da kowane ɓangare ya ci. In tamu ta faɗi, mun yarda.

A raba mai gwaji da aljihun ɗan kwangila. Jiha ta biya shi kai tsaye, kuma kada a biya kuɗin kowace shimfiɗa sai da takardar gwajinta a maƙale. Wa'adin shekara guda da aka saba ba ɗan kwangila na gyara abin da ya lalace ya yi kaɗan, damina ɗaya ce tak, kuma aikin ha'inci yakan iya daure damina ɗaya. A mayar da shi damina uku, a riƙe wani kaso na kuɗinsa har sai sun cika. Wanda ya san zai dawo ya gyara da kuɗinsa ba zai janye tankin ruwa ranar ta biyu ba.

Duk kwalta da dutsen da aka kankare daga hanyar jiha a rubuta su a matsayin dukiyar jiha, a auna su, a tara su a wuri sananne ƙarƙashin hukumar gyaran hanyoyi ta KASROMA, a yi amfani da su a kafaɗun hanya da titunan unguwanni da hanyoyin karkara. Ramin ɗibar ƙasa kuma, inda ya zama dole a buɗe shi, kada a biya kuɗin ƙarshe sai an kwantar da gaɓarsa an mayar da ƙasar sama, ko a gyara shi ya zama mashayar dabbobi idan mutanen wurin suka zaɓi haka.

Batun inji, shawararmu kada a yi gaggawar saye. Mun ga injuna masu tsada da suka zama mazaunin ƙadangaru a yadi saboda rashin haƙori ɗaya ko rashin wanda ya iya su. A fara da haya, ko a sa shi cikin sharaɗin kwangilar gwajin, tare da sharaɗin koya wa matasanmu tuƙa shi da gyaransa. In an ga amfaninsa sai a saya. Kuma kada wannan ya zama hanyar ture ƙananan 'yan kwangilarmu na gida. A hanyoyin karkara, irin waɗanda ake yi ƙarƙashin RAAMP, shirin hanyoyin karkara da kai amfanin gona kasuwa, gireda mai haƙoran tona ƙasa da tarakta mai garmar faifai suna iya cakuɗa siminti ko laim, a jera buhuna a kan layi bisa tazarar da aka auna, leburori su farke su baje. Aikin yana ɗaukar hannu da yawa, wanda alheri ne ga matasan ƙauye. Sai dai a ba su takalman roba da safar hannu da tabarau da abin rufe hanci, domin laim yana ƙona fata da ido, ba wasa ba ne.

Akwai gargaɗi ɗaya da ba zan iya bari ba. Da zarar an ji gwamnati na maganar ƙarfafa ƙasa, za a ga masu jaka sun fara sintiri a ofisoshi da jarkokin wani ruwa, suna cewa lita kaɗan a tankin ruwa za ta mayar da kowace ƙasa kankare. Wasu daga cikin irin waɗannan suna ɗan taimakawa a wata irin laka, da yawa kuma ba sa yin komai a ƙasa mai yashi. Duk wanda ya zo, a ce masa madalla, ga mita 500 a hanyar gwaji, ka yi da kuɗinka, mu haɗu bayan damina.

A ƙarshe muna roƙon a sa yashe lambatu da kwalbatoci cikin kasafin kowace shekara, a yi shi a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, a kuma kafa ma'aunin nauyin manyan motoci ko da na tafi-da-gidanka ne a hanyoyin jiha da tireloli suka mayar da su hanyar ratse. Waɗanda ke hannun Tarayya kuma, muna roƙon ka kai wannan magana gaban Ministan Ayyuka da FERMA, hukumar gyaran hanyoyin Tarayya, tunda muryarka ta fi tamu isa Abuja.

Idan ma'aikatar ayyuka ta ga dama ta turo injiniyoyinta, direbobin da suka sa ni wannan rubutu sun ce za su ɗauke su a motocinsu su nuna masu, rami bayan rami, wuraren da aka yi wa faci fiye da sau ɗaya, domin a fara haƙa ramukan gwajin daga nan.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora. Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin ƙasa,
a madadin direbobi da 'yan kasuwa da manoman da suka wakilta shi,
Daura, Jihar Katsina.